Baƙin Satumba

Tafiyar kamar awa guda a mota daga birnin Auckland na Niyu Zilan, kudu maso gabas, akwai wata gaɓa da ake kira Pūkorokoro Miranda, a bakin mashigin teku na Firth of Thames. Taɓo ne shimfiɗe iya ganinka, sai wasu tuddai farare fat na ɓawon dodon-koɗin teku da ruwa ya tara shekara da shekaru. Masu jagorantar 'yan kallon tsuntsaye a nan teku ne agogonsu. Sai ruwa ya kusa cika ake fita, don shi ne yake koro tsuntsayen daga tsakiyar taɓon zuwa kan tuddan, daf da rumfar katakon da ake laɓewa a ciki. Wanda ya zo bayan ruwa ya janye, sai dai ya hango ɗigo-ɗigo can nesa ya koma gida.

A watan Satumba akwai abin da ɗan jagora yake so ka gani kafin komai. Zai saita madubin hangen nesa, ya matsa maka gefe. Cikin garken za ka ga wata tsuntsuwa mai launin ƙasa-ƙasa, da dogon baki da ya ɗan ɗaga sama. Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, suna kiran ta kuaka, Turawa kuma godwit. Ba ta da wani kyau na a zo a gani. Ramarta ake nuna maka: ƙirji a tsotse, fukafukai sun zubo kamar ta kasa naɗe su, tana gyangyaɗi a tsaye. Jiya ba ta nan. To daga ina?

Tambayar ta girmi madubin nesa ba kusa ba. Maori sun daɗe suna ganin kuaka ta sauka a Satumba, ta yi wata shida tana soka baki cikin taɓo tana zaro tsutsa, ta yi ƙiba, sannan a Maris a taru garke-garke a nufi arewa, inda babu komai sai ruwa. Shamuwa ma baƙuwa ce a wurinmu, amma ita a kan bishiyar tsakiyar gari take yin sheƙa, yara na kallo ta ƙyanƙyashe. Kuaka kuwa ba wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta a duk faɗin ƙasar, har abin ya zama karin magana a bakin Maori kan abin da ba ya samuwa. Sai suka danganta ta da Hawaiki, ƙasar da suke cewa kakanninsu sun fito.

Sheƙar dai tana nan, a ɗaya ƙarshen duniya. A yammacin Alaska, musamman fadamun da kogunan Yukon da Kuskokwim suke shiga teku, kuaka takan ɗan ƙwaƙule ƙasa ta zuba ƙwai huɗu bayan ƙanƙara ta narke. Da masu bincike suka fara sa wa tsuntsayen zobe da 'yar tutar roba a ƙafa, sai ga waɗanda aka yi wa alama a Niyu Zilan suna yawo a Alaska. An gano gida. Saura hanya, kuma a nan ne lissafi ya ƙi fita.

Duk mai hankali da ya dubi taswira zai ce gaɓar Asiya take bi, tana yada zango tana ci, kamar fatake. Tutocin ma da farko sun goyi bayan haka. A Afrilu da Mayu, lokacin tafiya arewa, 'yan kallo a Koriya da Sin da Japan sukan ga fararen tutocin Niyu Zilan a taɓon Tekun Rawaya da kewayensa. Amma a Satumba da Oktoba, lokacin dawowa, sai shiru. Mutanen nan ne dai, madubansu ne dai, gaɓar ce dai, amma tuta ta yi ɓatan dabo. Dubun dubatar tsuntsaye ba sa wucewa ta ƙofar gidanka ka kasa ganin ko kaɗan daga cikinsu.

Ga kuma maganar kwanaki. Masu lura a Alaska sukan ga garke ya tashi, fili ya zama wayam, bayan mako guda ko ɗan fiye sai na Niyu Zilan su wayi gari da sababbin baƙi. Wanda ya zaga ta Asiya yana tsayawa kiwo ba zai iso a wannan ɗan lokaci ba. An duba tsibiran tsakiyar Tekun Fasifik ko can suke hutawa, ba a samu garken da ya kai a kira shi zango ba. Hanya ɗaya ta rage, wadda kowa yake jin nauyin faɗa: miƙewa ɗoɗar ta saman teku, kilomita 11,000, ba sauka.

Masu shakka suna da hujja, kuma ni ban ga laifinsu ba. Kuaka ba agwagwa ba ce da za ta zauna kan ruwa ta huta, ba ta kamun kifi a teku. Ba ta kuma shawagi irin na mikiya, wadda takan baza fukafukai iska ta ɗauke ta. Dole ta yi ta kaɗawa dare da rana. Wane irin guzuri ne zai kai ta?

Amsar wannan ta fito ne daga wani hatsari. A Oktoban 1987 wasu 'ya'yan kuaka tara suka yi karo da ginin na'urar rada a zirin Alaska, suka mutu, ga alama a daidai lokacin da suka ɗauki hanya. Da aka feɗe su, sai aka tarar kashi 55 cikin 100 na nauyinsu kitse ne zalla, abin da da wuya a samu a wani tsuntsu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne abin da ya ragu: ƙundu da hanji da hanta da ƙoda duk sun tsuke. Theunis Piersma na Holan da Robert Gill na Amurka suka wallafa wannan a 1998. Fassararsa a fili take. Tsuntsun da zai ci abinci gobe ba ya rage kayan cikinsa. Wanda ya san ba ci ba sha har ya isa, shi ne yake sauke tukunya ya ɗora mai. Ƙona kitse kuma yana samar wa jiki ruwa, ga maganin ƙishirwa.

Sai iska. Da aka jera ranakun tashin garkunan kusa da bayanan yanayi, sai aka ga ba da ka suke tashi ba. Sukan jira guguwar da ke ratsowa ta tsibiran Aleutian, su hau gefenta inda iska ke kaɗawa kudu, ta tura su a farkon tafiya lokacin da suka fi nauyi. A 2005 Gill da abokan aikinsa, har da masanin yanayi a cikinsu, suka tattara duk waɗannan a mujallar Condor suka ce tafiyar ba sauka ce. Hujja ta haɗu, amma gani ya kori ji, kuma har lokacin ba wanda ya gani.

A Fabrairun 2007 aka kama wasu kuaka a nan Miranda. Likitan dabbobi ya dasa wa matan, da yake sun fi mazan girma, 'yar na'urar da ke aika saƙo ga tauraron ɗan'adam, siririyar eriya na leƙowa ta wajen wutsiya. Ɗaya daga cikinsu tutar ƙafarta na ɗauke da E7. Ana sa ran batirin zai kai ƙarshen tafiyar arewa ne kawai. Ranar 17 ga Maris ta tashi, ta yi sama da kilomita 10,000 ba tsayawa, ta sauka a Yalu Jiang, kan iyakar Sin da Koriya ta Arewa. Ta yi kamar mako biyar tana kiwo, ta wuce Alaska a farkon Mayu. Wannan ya bayyana tutocin da ake gani a Asiya.

Batirin bai mutu ba. A ƙarshen Agusta ɗigon E7 ya bar gaɓar Alaska, bai karkata yamma wajen Asiya ba, ya miƙe kudu. Masu binciken suka yi ta zaman gaban kwamfuta. Ta wuce ta kusa da Hawai ba ta sauka ba. Ta wuce ta kusa da Fiji ba ta sauka ba. Ranar 7 ga Satumba ta dira a bakin kogin Piako, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda aka kama ta wata bakwai da suka wuce. Kilomita 11,680 cikin kwana takwas da 'yan awoyi, wato kusan kilomita 60 a kowace awa. Zagayen nata duka ya kai kimanin kilomita 29,000.

Shi ya sa ba a ganin tuta a Asiya da kaka: hanyar zuwa daban, ta dawowa daban. A tafiyar arewa dole ta ratse ta cika ciki, don ta isa Alaska da sauran ƙarfin yin ƙwai cikin sanyi. Nan ne kuma rauninta yake, domin an cike taɓon Tekun Rawaya da yawa an mai da shi tudu. Katangar Saemangeum ta Koriya ta Kudu kaɗai, mai tsawon kilomita 33, da aka rufe a 2006 ta raba tsuntsayen gaɓa da ɗaya daga cikin manyan wuraren kiwonsu.

Idan ka sake komawa rumfar a Oktoba, ɗan jagora zai nuna maka wasu baƙin dabam, masu zane-zane a baya kamar an yayyafa musu gero. 'Ya'yan bana ne. Iyayensu sun riga su tasowa da makonni, su kaɗai suka biyo baya. Ɗaya daga cikin irinsu, mai lamba 234684, yana ɗan wata biyar ya bar Alaska ranar 13 ga Oktoban 2022. Bai tsaya a Niyu Zilan ba, ya zarce Ansons Bay a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya: kilomita 13,560, kwana 11, a tafiyarsa ta farko.