Shigar da Shawa da Masai na Ruwa a Tsohon Gidan Ƙasa: Matsalolin Tsari a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da yakan biyo baya idan maigida ya tashi gyara tsohon gidansa na ƙasa, ya shigar da famfo da shawa da masai na ruwa a wurin da tun asali ba a gina shi domin su ba. Na taƙaita bayanin ga gidajen cikin birnin Kano saboda su na fi sani, ko da yake matsalar ɗaya ce a Zariya da Katsina da Damagaram. Abin da nake son nunawa shi ne, ruwa da ginin ƙasa ba sa ga maciji, kuma akasarin ɓarnar da ake gani bayan gyara tana tasowa ne daga rashin lissafin inda ruwa zai bi bayan an gama amfani da shi.

Makewayin gargajiya da hikimarsa

A tsarin gidan Bahaushe makewayi yakan kasance a can ƙuryar gida, nesa da zaure da madafa, sau da yawa ba rufi. Rana da iska su ke busar da shi. Mai wanka yana shiga da bokiti ɗaya, watau ruwan da bai wuce lita 15 zuwa 20 ba, ruwan ya bi rariya ya faɗa kwata. Magina kuma suna da nasu magungunan kare bango, kamar makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Ruwan famfo ya shigo Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga ma'aikatar ruwa ta Chalawa, amma a gidaje da yawa famfon a tsakar gida ya tsaya. Wanka bai canja ba, bokitin ne kawai ya huta da zuwa rijiya.

Shawa kuwa wata aba ce dabam. Kan shawa na yau da kullum yana zubo kimanin lita 10 a minti guda. Wanda ya yi minti biyar a ƙarƙashinta ya ɓatar da lita 50 ke nan. A gida mai mutum goma, ruwan wanka ya tashi daga lita 200 zuwa 500 ko fiye a yini, kuma duk wannan ruwa tilas ya sami hanyar fita. Tsohuwar rariya ba za ta iya ɗauka ba.

Bango da daɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a manna tayil a kai, a ɗauka an gama. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai wa daida. Kafin a jima sai siminti ya tsage, ruwa ya kutsa ta tsagar, ya rasa hanyar fita saboda simintin ya hana bangon shan iska. Ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta yi laushi alhali fuskar bangon tana ƙyalli. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji yana ƙara kamar ganga, to, aikin gama ya gama. Irin wannan bango ne yakan zube a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, kuma sau da yawa bangon na haɗaka ne da maƙwabci, har magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali.

A ganina hanyar da ta fi aminci ita ce a gina ɗakin wankan da bulo a kan harsashinsa na kansa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsawa. Wannan yana cin fili, gaskiya ne, kuma fili a cikin birni ba arha ba ne, amma ya fi sake gina soro sauƙi. Daɓen ɗakin ya kamata ya yi ƙasa da na tsakar gida da 'yan santimita, ya kuma gangara wajen magudana da misalin santimita 2 a kowace mita. Kafin a biya magini, a watsa bokitin ruwa a tsaya a gani. Duk inda ruwa ya kwanta, a can matsala za ta fara. Tayil mai santsi da masu gida ke sha'awa saboda ƙyallinsa bai dace da daɓe ba, musamman a gidan da akwai tsofaffi da mata masu juna biyu.

Tanki da ƙarfin ruwa

Mutane da yawa suna zaton babban tanki shi ke ba shawa ƙarfi. Ba haka ba ne. Ƙarfin ruwa yana bin tazarar da ke tsakanin ruwan tanki da kan shawa ne, ba yawan ruwan ba. Kan shawa yakan kasance kimanin mita 2 daga daɓe, kuma idan ana son ruwa ya zubo sosai, gindin tanki ya ɗara shi da mita 2 ko 3. Sai dai lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka tanki mai lita 1,000 nauyin tan guda ne cif, ban da nauyin tankin kansa. Rufin azara ba a yi shi domin wannan kaya ba. Tilas a yi wa tanki hasumiyarsa ta ƙarfe ko ta bulo. Wanda zai sa hita kuma, ya tabbata an haɗa mata wayar ƙasa da makashin da ke yanke wuta da kansa, kuma kada a sa makunni inda jiƙaƙƙen hannu zai kai.

Masai da inda ruwa zai tafi

Nan ne al'amarin ya fi nauyi, domin ya shafi lafiyar unguwa baki ɗaya. Bututun shawa mai faɗin inci 2 ya isa, na masai kuwa inci 4, kuma kowanne yana buƙatar lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa ta hana wari da kyankyasai dawowa. Ruwan masai ba ya shiga kwata. Sai an yi masa rami mai rufi, da sokawe inda zai tsotse. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar mita 30 tsakanin irin wannan rami da rijiya. To, a Fagge ko Ɗandago ko Yakasai, gida nawa ne ke da wannan fili, bayan ga rijiyar maƙwabci a bayan katanga? Salgar gargajiya ba ta samun ruwa da yawa, shi ya sa ƙazanta ba ta tafiya nesa a cikin ƙasa. Masai na ruwa kuwa yana tura lita 6 zuwa 9 a kowane ja, ruwan ya ɗauki ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot ya nufi rijiya. Inda fili ya ƙi, ni dai na fi ganin a shigar da shawa kaɗai, a bar salga a gyara ta bisa tsarin da Peter Morgan ya fito da shi a Zimbabuwe a shekarun 1970, watau a kafa mata dogon bututun iska mai raga a bakinsa, wanda ke fitar da wari ya kuma tsare ƙudaje.

Akwai kuma batun alƙibla, wanda mai aikin famfo ba ya cika tunawa da shi sai an gama. Malaman Malikiyya sun sassauta ga wanda yake cikin gini, amma masu gida da yawa ba sa samun natsuwa su fuskanci gabas ko su ba ta baya. Alƙiblar Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, saboda haka a ɗora masai yana kallon kudu ko arewa, kuma a yanke wannan shawara tun kafin a binne bututu, domin juya shi daga baya sai an fasa daɓe. Haka nan a sa ɗan famfo ƙasa-ƙasa, kamar santimita 50 daga daɓe, domin cika buta da bokiti, tun da yake ranar da tanki ya ƙafe ko wuta ta ɗauke, gidan bokiti za a koma.