Yadda Ake Gano Cinyewar Bangon Silinda a Injin da Aka Sake Haɗawa

Injin da aka sauke aka sa masa sabbin fistan da rin ya kamata ya daɗe kafin ya fara shan baƙin mai. Amma a motocin daji, irin Toyota Land Cruiser mai injin 1HZ da ke keta sahara tsakanin Agadas da Dirku, akan sami wanda bai jima da barin gareji ba ya soma hayaƙi. Wannan inji na dizal mai silinda 6, wanda faɗin kowane raminsa milimita 94 ne, ya fito a 1990 kuma ya yi suna wajen juriya. In ya gaza da wuri, akwai dalili, kuma galibi shaidarsa tana jikin bangon silinda.

Alamun farko a fili suke: shuɗin hayaƙi daga salansa, baƙin mai yana raguwa ba tare da yoyo ba, mota tana wuyar tashi da safe. Idan aka buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, aka ga hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, to matsin da ya kamata ya tura fistan yana zurarewa ta gefen rin.

Sai dai bawul ko gasket ma kan sa inji ya rasa ƙarfi, don haka bakanike ba ya gaggawar yanke hukunci. Yakan auna matsin kowace silinda ya kwatanta su. Wadda ta gaza sai a kai fistan ɗinta can sama, bawul a rufe, a hura mata iska, a kasa kunne. In iskar ta fito ta salansa ko ta hanyar shigar iska, laifin bawul ne. In ruwan lagireto ya yi kumfa, gasket ne ko tsagewar kan inji. In kuwa ta murfin mai take huci, to rin ne ko bango.

Daga nan sai a duba bangon, ko da 'yar kyamara ko bayan an cire kan inji. Lafiyayyen bango yana da siraran layukan goga masu gitta juna, waɗanda ke riƙe mai har rin ya zauna. Idan layukan sun ɓace, bangon yana ƙyalli kamar madubi, yawanci an bar sabon injin yana ta aiki a tsaye ne babu kaya, ko kuma nozul yana ɗigar da man dizal yana wanke baƙin mai. Idan aka ga ƙananan karce daga sama zuwa ƙasa a duk silindojin, ƙura ce ta shiga ta yagaggen tiyo ko matatar iska da ba ta zauna daidai ba, ko kuma ba a wanke garin dutsen goga ba kafin a haɗa. Shi ya sa ake wanke ramin da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fes. Babban karce mai faɗi a gefe guda kuwa yana nuna fistan ya matse, ko inji ya yi zafi fiye da kima.

Ma'auni ne ke raba gardama. Ana auna ramin a sama, tsakiya da ƙasa, a tsaye da a gicciye, a kwatanta da adadin da kamfani ya ƙayyade. Ramin da ya buɗe daga sama ko ya daina zama da'ira, sabon rin ba zai yi masa magani ba. Sai an faɗaɗa shi an sa fistan mai ƙarin girma.

Kafin a sake haɗa injin, a tabbata an toshe kafar da ƙura ta bi, an gyara nozul. In ba haka ba, kuɗin gyara na biyu ma asara ne.