Siririn samfur kan ɓoye gautsin ƙarfe

A watan Janairu na 1943, jirgin dakon mai mai suna Schenectady yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, babu guguwa babu karo, sai kawai ya dare gida biyu. Jiragen Liberty da dama sun gamu da irin wannan tsagewa a Yaƙin Duniya na Biyu. Binciken Constance Tipper a Jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarfen da ke lanƙwasa a yanayin ɗumi yana iya yin gautsi idan sanyi ya kai wani mataki. Daga nan gwajin da injiniyan Faransa Georges Charpy ya gabatar a 1901 ya samu gindin zama a masana'antu.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana yanko ɗan sandan ƙarfe mai tsawon milimita 55, faɗi 10, kauri 10, a yi masa tsaga mai siffar V mai zurfin milimita 2. Sai a saki guduma mai lilo ta doke shi ta bayan tsagar. Ƙarfin da gudumar ta rasa wajen karya shi, shi ake aunawa da jul. Ƙarfen gini samfurin S355J2, alal misali, dole ya shanye jul 27 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.

To ina za a samo milimita 10 a jikin bututun da kaurinsa bai wuce 6 ba? Dole a yanki ƙarami: 5, ko 2.5. A nan rikicin yake. Mutum zai zaci rabin kauri rabin jul ne, shi ke nan. Ƙarfe bai san wannan lissafi ba.

A cikin samfur mai kauri, ƙarfen da ke tsakiya, daidai gindin tsagar, a matse yake ta kowane ɓangare, kamar mutumin da cunkoso ya rutsa da shi a bakin ƙofa. Ba shi da wurin gocewa, don haka matsin ya taru a kansa har ya fashe farat ɗaya. A siririn samfur kuwa, kusan ko'ina gefe ne, ƙarfen yana samun sararin miƙewa ya yage a hankali. Ga kuma wani dalili: ƙaramin gutsure ba lalle ya ƙunshi mugun aibin da tsagewa ke farawa daga gare shi ba. Sakamakon haka, sanyin da zai sa babban samfur ya karye kamar gilashi, ƙaramin yana iya jure shi. Ƙarfe ɗaya ne, amma siririn ya ba da shaidar da ta fi gaskiyar faranti mai kauri kyau, kuma wannan ne ya fi damuna, domin kuskure ne da ke kwantar wa mutane hankali.

Ƙa'idoji ma ba su yi baki ɗaya ba. Wasu suna rage jul daidai da raguwar kauri, yayin da dokokin ƙera jiragen ruwa ke neman kashi biyu cikin uku daga samfurin milimita 5. Dokar ASME ta tukwanen matsi ta bi wata hanya da na fi gamsuwa da ita: idan an yanko samfurin milimita 5 daga ƙarfe mai kauri, a ƙara sanyin gwajin da digiri 11, idan 2.5 ne, da digiri 28.

Shi ya sa jul 27 a takardar shaidar ƙarfe ba ya cewa komai sai an ga girman samfurin da sanyin da aka gwada shi a kusa da shi. Masu kula da tashoshin nukiliya, da ƙarancin wuri ke tilasta musu gwada gutsure mai girman milimita 3 sau 4 sau 27, har yau suna ta gyaran lissafin da zai mayar da sakamakonsa na cikakken samfur.