Jama'ar Dambam, Ruwa Garau Ma Yana Kisa

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, an gama sharar gona, kowa idonsa yana sama. Ni nawa idon yana ƙasa, a bakin rijiya da gindin randa. Ina roƙon kowane magidanci a Dambam da Dagauda da Jalam da ƙauyukan da ke kewaye ya ba ni aron kunnensa kafin ruwa ya kankama, domin abin da zan faɗa yana da wa'adi. In Agusta ta shigo ba a yi shi ba, an makara.

A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,600 daga ciki suka riga mu gidan gaskiya. Jihar da ta fi kowace yawan masu kamuwa ita ce tamu, Bauchi, da mutum sama da 19,000, Jigawa da Kano suna biye. Wanda ya yi jinya a wannan shekarar bai manta ba. Ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri, ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Haka abin yake tafiya kullum: ruwan sama ya cika masai, masai ya tumbatsa, ƙazantar ta bi kwata ko ta tsatso ta ƙarƙashin ƙasa, ta iske rijiya. Bayan kwana biyu sai a ji wane yana amai da gudawa.

Abin da ke yaudararmu shi ne ido. Tun muna makarantar allo da zaure, a littafin Ishmawi aka koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja ba ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukunci ne na tsarki, yana nan daram, kuma ba shi nake taɓawa ba. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki ma'aunin alwala mun mayar da shi ma'aunin sha. Uwargida ta leƙa randa, ta ga ruwa garau har tana hango gindinta, ta shinshina ba wari, sai hankalinta ya kwanta. Alhali ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa canja launi, ba sa canja ɗanɗano, ba su da wari. An ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma wannan ruwan yana kisa tun bai yi tsami ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha, wato abin da bai kai rabin kofin shayi ba. Wannan kuwa sai a ɗakin gwaji ake gane shi. Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro: yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa kwanciya, suna yawonsu lafiya lau, suna zuwa kasuwa da masallaci, amma suna fitar da ita a bayan gidansu har kwana goma. Ba sai ka ga mara lafiya a unguwarku ba kafin cutar ta iso.

To, a fara da rijiyar gida. Maigida, yau ɗin nan ka taka daga bakin masai zuwa bakin rijiya kana ƙirgawa. Masana sun ce a bar aƙalla mita 30, kimanin taku arba'in na babban mutum, kuma masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Kada ka ƙirga naka masan kaɗai, har da na maƙwabcinka da ke bayan katanga, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gida ba. Na san gidajenmu na cikin gari an rarraba su gado bayan gado har fili ya ƙare, da yawa ba za su sami taku ashirin ba. Wanda ya ga haka kada ya ce ai kakanninsa ma ita suka sha. A zamaninsu mutum nawa ne a gidan, masai nawa ne a layin? Irin wannan rijiyar a bar ta ga wanki da ban ruwan dabbobi, in kuwa dole sai an sha, sai an tafasa ko an sa magani. Inda ƙasa take rairayi, ko kusa da fadama inda ruwa ba shi da nisa, hatsarin ya fi yawa. A ɗaga bakin rijiya da bulo, a yi mata daɓen siminti da murfi, a ware mata guga guda da za a riƙa ratayewa, ba wanda yara za su ja a ƙasa cikin kashin awaki sannan a zura shi ba. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, ko ruwanta ya kwanta ya yi kyau, ba a shan ta sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun zuba mata kulorin.

Wani zai ce shi ba ruwansa da rijiya, na burtsatse yake saye. Madalla, burtsatse mai zurfi ya fi aminci. Amma tsakanin bakin famfo da bakin ɗanka akwai tafiya. Akwai tankin da ke sama, wanda wani tun da aka ɗora shi ba a taɓa hawa an wanke ba. Akwai jarkar ɗan garuwa. Ba na zargin 'yan garuwa, bayin Allah ne masu neman halal da ƙarfinsu, in ba su ba da gidaje da yawa sun kwana da ƙishi. Sai dai ka karɓi jarkar ka leƙa cikinta a rana, in ka ga gansakuka kore a bango ka san ta daɗe ba ta ga sabulu ba. Ka tambaye shi cikin mutunci a ina ya ɗebo, musamman ranar da burtsatsen da ya saba zuwa ba ya aiki. Wanda ke da famfo a gida shi ma kada ya saki jiki: bututun da ruwa ke zuwa yau ya ɗauke gobe, idan ya zama fanko yana zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage, shi ya sa ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewa bai kamata ya shiga randa ba.

Randar ma ita ce mahaɗa. Sau da yawa ruwa yana shigowa gida da tsabtarsa, a randa yake lalacewa. Moɗa guda ce, yaro ya fito daga bayan gida ya tsoma ta har wuyan hannunsa, ya sha, ya mayar da ragowar, ya ajiye ta a ƙasa. Iyayenmu mata, wannan a hannunku yake. A sami moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a zuba a wani kofin a sha, a rufe randa, a wanke ta duk bayan 'yan kwanaki. Jariri kuma da bai kai wata shida ba kada a ba shi ruwa ko kaɗan, nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar bazara. Na san kakanni suna jin wannan da nauyi, suna ganin kamar an bar yaro da ƙishi, amma cokalin ruwan nan shi ne ƙofar gudawa.

Yanzu kuɗi. Mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da ɗan wanke jiki. Gida mai mutum goma lita 200 ke nan, jarka takwas mai cin lita 25. A ce jarka naira 100 ce, kowa ya sa farashin unguwarsu: naira 800 a rana, 24,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi a ruwa, alhali ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kada ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, duk burtsatsen da ke dogara da janareta ya ƙara kuɗi. Ga inda hatsarin yake: idan ruwa ya yi tsada, abin da gida ke fara ragewa shi ne wanke hannu da wanke kwano, kuma da damina ta sauka sai a ce ga na banza a kududdufi da rijiyar da aka yi watsi da ita. Kuɗin da ake jin an tsimi a watan nan, asibiti ne zai karɓe shi ninki ba ninki, in ma an yi sa'a an dawo da mara lafiyar. Kuma duk wannan kuɗin da muke biya na ɗauko ruwa ne kawai, babu ko sisi a ciki da ya tabbatar mana da lafiyarsa.

Saboda haka karo-karon gyaran burtsatsen unguwa ba abin ja-in-ja ba ne. Famfon tuƙa-tuƙa yakan tsaya ne saboda roba ko ƙaramin ƙarfen da bai kai kuɗin buhun taki ba, ya yi wata uku a mace ana jiran gwamnati, mata da yara suna komawa tafki. Kwamitin da ke riƙe da kuɗin ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban mai unguwa, domin rashin bayani ne ke sa mutane su daina bayarwa. Masu biyan kuɗin famfo su riƙe rasit, shi ne bakin maganarsu. Akwai hukumar RUWASSA mai kula da ruwa da tsabtar karkara a jihar Bauchi, akwai sashen lafiya da duba-gari a ƙaramar hukuma. Ina kira ga hakimai da dagatai da limamai su haɗa kai su nemi a zo a ɗebi ruwan manyan burtsatse da rijiyoyin da jama'a suka fi sha a gwada, a faɗi sakamakon a masallacin Juma'a. Maƙwabciyarmu Jigawa a 2022 aka ayyana ta jiha ta farko da ta daina bahaya a fili. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan.

Kafin gwajin ya zo, ga abin yi daga daren yau. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe. In itace ya yi tsada, a sayi maganin ruwa na kulorin, irin su WaterGuard ko Aquatabs, a bi ma'aunin da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha. Ruwan da ya gurɓace da laka sai an bar shi ya kwanta an tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, don laka tana cinye ƙarfin maganin. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Fiya wata kuma a duba lambar NAFDAC, a wanke ledar kafin a kai baki.

In duk da haka wani ya fara zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kwalara tana iya kashe ƙaton mutum cikin sa'o'i, ba don komai ba sai ƙarewar ruwan jiki, amma in an yi magani da wuri ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin 100. A haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, ko a kaɗa ƙunshin ORS guda a lita ɗaya. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko yana amai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. A ɗora shi a mota ko babur zuwa babban asibitin Dambam ko cibiyar lafiya mafi kusa, da gorar a hannun mai riƙe shi, ana ba shi a hanya. Wanda ya rage a gida ya wanke hannu da sabulu, ya kwashe ruwan randar nan ya zubar, ya je ya gaya wa mai unguwa daga inda aka ɗebo shi.