Tantance Bukatun Iyali Kafin Aza Harsashi a Ginin Hausawa na Gargajiya

A 'yan shekarun nan masana gine-gine sun dage wajen magana a kan gida mai ɗorewa, watau gidan da zai daɗe yana biyan bukatun masu shi ba tare da ya cinye dukiyarsu ko ya ɓata muhalli ba. Sharaɗin farko da suke gindayawa shi ne a san abin da iyali ke bukata tun kafin a haƙa harsashi. Wannan makala za ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin wannan sharaɗi, kuma shaidar tana cikin sunayen da ya ba sassan gidansa.

Kowane sashe amsa ce ga wata bukata. Zaure na baƙi ne da zaman maigida, wani lokaci kuma makarantar allo ko wurin sana'a, kamar saƙa da dukanci. Daga nan sai ƙofar gida, inda samari da baƙin kwana suke da ɗakuna, sannan shigifa, wadda namijin da ba muharrami ba ba ya ƙetare ta. Akan goce ƙofofin nan daga juna don kada idon mai wucewa ya kai cikin gida. A can ciki kowace mata tana da ɗakinta, maigida yana da turaka, ga madafa da rijiya da rumbu da turken dabbobi. Saboda haka magini ba ya taɓa ƙasa sai ya ji yawan matan maigida da 'ya'yansa, da sana'arsa, da irin baƙin da yake saukarwa.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne cewa Bahaushe ba ya ɗaukar gida a matsayin abin da ake gamawa. Yakan fara da katanga da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, ya bar fili. In ɗa ya yi aure a tayar masa da sashe. In gandu ya watse a raba gidan da katanga. Ɗakin da aka daina kwana a ciki ya zube, a sake kwaɓa ƙasarsa a yi tubali. Binciken Friedrich Schwerdtfeger a birnin Zariya, wanda aka buga a 1982, ya nuna yadda gidaje ke faɗaɗa suna tsukewa tare da iyalan da ke cikinsu.

Kayan aiki ma suna da nasu hukunci. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2. Wanda yake son faffaɗan soro tilas ya nemi gwanin baka da ɗaurin guga, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Talaka kuwa ƙananan ɗakuna sun ishe shi. Haka kuma dole mai gida ya auna ko zai iya yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, musamman a bangon gabas da ruwa ya fi duka, ko kuwa yana da halin makuba da laso.

A nan ne ginin zamani ya fi tuntuɓe. Ma'aikaci yakan karɓi zanen da aka tsara don mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ya cika filinsa da bulo da kwano har bakin katanga. Babu zaure, sai baƙo ya zauna a falon da matan gida ke ratsawa. Babu tsakar gida, sai a yi daka da shanya a wurin ajiye mota. Kaurin bangon ƙasa yakan riƙe zafin rana ya sake shi da dare, bulo da kwano kuwa a watan Afrilu sai da fanka, fanka kuma sai da wuta. Laifin ba na siminti ba ne, domin ana iya gina zaure da shigifa da shi sarai. An dai zaɓi zane ne kafin a ƙidaya mutanen gidan, kuma ranar da ɗan fari zai yi aure babu inda za a tayar masa da ɗaki.