Abincin da Hanji Yake Jira: Zaren Tsirrai a Tukunyar Bande

Ba duk abin da mutum ya haɗiye ne cikinsa yake narkarwa ba. A cikin dusar gero, da ɓawon wake, da yauƙin kuka da kuɓewa, akwai wani zare da yake wuce tumbi da ƙaramin hanji yadda ya shigo, sai ya isa babban hanji. Can yake tarar da tarin ƙwayoyin bakteriya masu amfani waɗanda da shi suke rayuwa. Idan suka ruɓar da shi sukan fitar da wasu sinadarai, musamman butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa. A 1995 masana biyu, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, suka raɗa wa irin abincin da yake ciyar da waɗannan ƙwayoyi suna firibayotik. Yau a Turai garinsa ake saye a gwangwani da tsada. A ganina mutumin Bande, a yankin Magarya na jihar Damagaram, ba ya bukatar gwangwanin; abin da yake bukata shi ne kada ya saki abin da ya gada.

A dubi ɗanwake kaɗai. Garin wake ne da na rogo ko na dawa, a kwaɓa da kuka da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa. Waken yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da hanjin mutum ba ya iya fasawa, sai bakteriya. Kukar kuma ga yauƙinta. Idan aka yanka albasa a kai, an ƙara inulin da danginsa, wato ainihin abin da kamfanoni suke tatsa daga saiwar cikori su zuba a madara da biskit. Farin garin ƴaƴan kuka da ake damawa da nono kusan rabinsa zare ne, kuma sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin sabon abinci. Har tuwon da ya kwana yana da nasa rabo, domin idan dafaffen sitaci ya huce wani ɓangarensa yakan ƙi narkewa sai a babban hanji, don haka ɗumamen safe ba abin raini ba ne.

Hujjar ba ta tsaya ga hasashe ba. A 2010 masu bincike daga Italiya sun gwada hanjin yaran ƙauyen Bulfon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Fulorans. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya masu cin zare, sun kuma fi yawan sinadaran da suke ciyar da hanji. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna masu cin zare da yawa sun fi tsira daga ciwon zuciya, ciwon suga da sankarar hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar cin aƙalla giram 25 a rana. Farar shinkafa da taliya da burodi, da suke ƙara samun wuri a kwanon gidajenmu, ba za su kai mutum nan ba, domin an raba su da dusarsu tun a masana'anta.

Wani zai ce wake yana kumbura ciki. Gaskiya ne, kuma iskar alama ce ta bakteriya suna aikinsu; jiƙa waken, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi lugub, yana rage damuwar, cikin da ya saba kuma yakan lafa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na yara. Magarya yanki ne da tamowa take addabar ƙananan yara a kowace damina, har ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta shafe shekaru tun 2005 tana jinyarsu a can. Dusa tana ɗauke da fayitet, wanda yake hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da zinki, zare kuma yana cika ƙaramin ciki kafin yaro ya sami ƙarfin da yake bukata. Wannan magana ce da ba za a kau da kai daga gare ta ba. Amma maganinta ba a surfe geron gidan gaba ɗaya har ya yi fari tas ba ne. Jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana karya fayitet ɗin. Yaron da ake yayewa a ba shi kunun da aka tace aka haɗa da gyaɗa da mai da madara. Wanda tamowa ta kama kuwa asibiti za a kai shi, ba ganye za a ɗura masa ba.

Ga manya da yaran da suka tasa, a sassauta surfe, a riƙa sa wake da miyar ganye a kwano kullum, a sha ruwa sosai. Masu kula da abincin makarantu da ma'aikatan lafiya na Bande su faɗa wa iyaye mata wannan ƙarara, domin su ne suke riƙe da turmi da tukunya.