Yaushe sabon direba ke hawa dandamali a Formula 1?

A tseren motoci na Formula 1, direbobi uku kacal ke hawa dandamalin karramawa. Mai son hasashen ko matashin direba zai shiga cikinsu, motarsa ya kamata ya fara dubawa. Lewis Hamilton ya zo na uku a tserensa na farko a Ostareliya a 2007, amma McLaren yake tuƙawa, motar da ke ja da kowa a shekarar. Nico Hulkenberg kuwa, duk da gogewarsa, sai a tserensa na 239 ya taka dandamalin, a Silverstone a 2025.

Sai kuma gwajin gudu na ranar Asabar, wanda ke tsara inda kowa zai tashi. A Monako, inda titin ke da ƙunci, wanda ya tashi a baya da wuya ya kutsa gaba.

Sa'a ma tana da nata rabo, amma ta fi faɗa wa wanda ke kusa. A Sifaniya a 2016, motocin Mercedes biyu da ke kan gaba suka yi karo tun zagayen farko. Max Verstappen, ɗan shekara 18 a tserensa na farko da Red Bull, ya tare wa Kimi Raikkonen hanya da tayoyin da suka fara cinyewa, har ya lashe tseren. Haka Isack Hadjar a Zandvoort a 2025: na huɗu ya tashi, ya riƙe wurinsa gam, motar Lando Norris da ke gabansa ta yi hayaƙi ta tsaya ana dab da gamawa, Hadjar ya ƙare na uku.